Yadda ake gwada kwafin takobin sojan doki a gane na ƙwarai da na rataye a bango

Takobin farko da na saya ta intanet kwafi ne na irin wanda sojan dokin Amurka suka riƙe a yaƙin basasarsu. Ran da ya iso ko la'asar ban jira ba, na zagaya bayan gida, na kafa gorar ruwa a kan turmi na kai mata sara. Gorar ta yi tsalle ta faɗi can ko ƙwarzane babu, wuyan hannuna kuwa ya kwana yana zugi. Na ɗora laifin a kan kaifi, na kai wa mai washi. Ya dawo har yana aske gashin hannu, amma in na ɗaga shi sai in ji kamar taɓarya na ɗauka. Sai da wani dattijo maƙeri a unguwarmu ya karɓa. Bai ko kalli kaifin ba, ya kama gadon bayan takobin da yatsu biyu ya ja daga gindi zuwa tsini, ya miƙo mini, ya ce, "Yaro, wannan ai kaurinsa ɗaya ne tun daga sama har ƙasa. Adda ce aka yi wa kwalliya." Na ce, "Baba, to yaya ake ganewa?" Ya ce, "A auna kafin a sara."

Tun daga ranar na daina fara gwaji da sara. Ga yadda nake bi yanzu.

Fara da sanin na asali

Kwafi ba a gwada shi da wani kwafi kaɗai, da uwar da aka kwaikwaya ake gwada shi. Saboda haka kafin ka taɓa komai, nemo awon na asali: tsawon ruwa (wato ƙarfen takobin ban da ƙota), nauyi, da kauri in an samu. Gidan ajiye makamai na Royal Armouries da ke Leeds a Ingila yana sa bayanan kayansa a intanet, haka ma dillalan tsofaffin makamai sukan rubuta awon abin da suke sayarwa. Kada ka tsaya a kan guda ɗaya. Maƙera daban-daban ne suka ƙera su a wancan zamani, don haka ka tara awon uku ko huɗu ka ga inda suka fi haɗuwa.

Iri uku aka fi yin kwafinsu. Akwai na Ingila samfurin 1796, wanda hafsan sojan doki John Gaspard Le Marchant ya tsara tare da maƙerin Birmingham Henry Osborn. Lanƙwasasshe ne sosai, ruwansa kimanin santimita 83, yana ƙara faɗi wajen tsini, makarin hannunsa kuma ƙarfe ne guda mai siffar likkafa. Don sara aka yi shi, kuma ya yi suna a yaƙe-yaƙen Napoleon har daular Furushiya ta Jamusawa ta kwaikwaye shi a 1811. Akwai na Amurka samfurin 1860, ruwansa inci 35, wato kusan santimita 89, nauyinsa wajen kilo ɗaya, makarinsa na tagulla mai rassa uku. Shi ya gaji samfurin 1840 da sojoji suka laƙaba wa "mai karya wuyan hannu" saboda nauyi, dukansu biyu kuwa daga na Faransa samfurin 1822 aka samo fasalinsu. Sai miƙaƙƙun ƙarshen zamani, na Ingila na 1908 da na Amurka na 1913 da George Patton ya tsara, waɗanda musamman don suka aka yi su.

Yawancin kwafin da ke kasuwa daga Indiya da Sin suke fitowa. Windlass Steelcrafts yana Dehradun ta Indiya, Hanwei yana Dalian ta Sin, Cold Steel kuma kamfanin Amurka ne da ake ƙera masa a waje. Sunan kamfani ba ya raba gardama, don kamfani guda yakan fitar da samfuri mai kyau da wanda bai kai ba. Kafin ka biya kuɗi kuma ka tambayi dokar kwastam ta ƙasarka. Ko a Birtaniya tun 2008 aka taƙaita cinikin lanƙwasassun takubba da ruwansu ya kai santimita 50, sai waɗanda doka ta keɓe.

Kayan aikin ba su da yawa: sikelin kicin mai nuna giram, tef ɗin awo, ma'aunin kauri irin na masu aikin injin mai baki biyu kamar awartaki, sabon magagari ƙarami, lemun tsami, man keken ɗinki, tsumma, da littafin rubutu.

Mataki na farko: duba wutsiya

Wannan maganar rai ce, shi ya sa take gaba. Ƙarfen ruwan takobi yana ci gaba ya shige cikin ƙota, wannan ɓoyayyen ɓangaren nake kira wutsiya. A yawancin takubban soja na asali wutsiyar da ruwan ƙarfe ɗaya ne, ta ratsa ƙota ta fito ta kai, aka daddake bakinta da guduma ya baje ya riƙe komai. Samfurin 1796 na ƙananan sojoji ma har da ƙusa da ta ratsa kunnuwa biyu na ƙarfen bayan ƙota ta bi ta cikin wutsiyar. A na ado kuwa sau da yawa siririn rodi ne aka yi wa walda a gindin ruwa, aka ɗaure da noti. Nan yake karyewa, in ya karye kuma ruwan ne zai bar hannunka ya tafi inda ya ga dama.

Dubi kan ƙota. In ka ga bajajjen ƙarfe, alama ce mai kyau. In noti ne, kwance shi ka zare ƙotar ka gani da idonka. Wutsiya mai faɗi, wadda kafaɗunta suka zagaya ba su yi kusurwa mai kaifi ba, ita ake so. In ka ga tabon walda dab da makari, ka mayar ka ɗaure, ka nema masa ƙusa a bangon falo, gwajinsa ya ƙare a nan. Wanda ya tsallake, ka riƙe shi ka bugi gefen ƙotar da tafin hannu. Duk wani kwaram-kwaram ko motsin makari ka rubuta shi.

Mataki na biyu: awo

A nan ake zama, don nan ne asirin yake. Auna nauyi ba tare da kube ba. Auna tsawon ruwa a miƙe daga makari zuwa tsini. Don sanin lanƙwasa, ja zare daga gindin gadon baya zuwa tsini, ka auna tazara mafi faɗi tsakanin zaren da ƙarfen.

Sai cibiyar nauyi. Ɗora takobin a kwance kan gefen yatsanka ko kan fensir, kana matsar da shi har ya tsaya bai rinjayi ko'ina ba, ka auna daga nan zuwa makari. A takubban sara na sojan doki takan faɗi nesa da hannu, wajen santimita 15 ko fiye, da gangan, don mai doki yana son nauyin ya taya shi sara. Kada wannan adadi ya ruɗe ka. Ana iya cika kan ƙota da tagulla a jawo cibiyar baya, lamba ta yi daidai da ta asali, amma takobin ya zama mai nauyi a kai da gindi, matacce a hannu.

Abin da ba a iya ɓoyewa shi ne wanda dattijon nan ya laluba da yatsu. Yi alama da alli a wuri biyar a gadon baya: dab da makari, rubu'in tsawo, tsakiya, rubu'i uku, da kamar santimita 5 kafin tsini. Auna kauri a kowane. Na asali na 1796 yakan fara da kauri mai ban mamaki, milimita 8 zuwa 10, ya zube da sauri cikin rubu'in farko, ya ci gaba da sirancewa har ya koma milimita 2 ko ƙasa da haka a wajen tsini. Kwafi da yawa kuwa daga falankin ƙarfe mai kauri ɗaya ake yanko su, su fara da 5 ko 6 su ƙare da 3 ko 4, saboda sassaƙe ƙarfe aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Ka ga an juya abin: gindin da ya kamata ya yi ƙarfi ya raunana, bakin da ya kamata ya yi sauƙi ya yi nauyi.

A ɗauka takubba biyu ne a gabanka, kowanne giram 950. Na farko kaurinsa a wurare biyar ɗin milimita 9, 6, 5, 3, 2. Na biyu 6, 5, 5, 4, 4. A sikeli tagwaye ne. A hannu kuwa na farko zai juya kamar sandar makiyayi, na biyu zai ja ka gaba duk sarar da ka kai, tsayar da shi kuma ya fi sarar wuya. Dalili shi ne giram ɗaya a can bakin tsini ya fi giram goma a kusa da hannu wahalar juyawa. Wannan jerin lambobi biyar ya fi duk wani hoto da mai sayarwa zai nuna maka, kuma in zai yiwu ka nemi a turo maka shi tun kafin ka saya. Mai sayarwar da ya san kayansa ba ya jin haushin wannan tambaya.

Auna ƙotar ma, kewayenta da tsawonta. Masu kwafi sukan yi ta da kauri fiye da kima, ko su yi ta mulmulalliya. Ƙotar ƙwarai tana da ɗan faɗi ta gefe ɗaya, yadda ko ido a rufe hannunka zai gaya maka inda kaifi yake fuskanta.

Mataki na uku: ƙarfen kansa

In an rubuta 1055, 1060, 1075, 1095, 5160, 9260 ko EN45, baƙin ƙarfe ne da ya dace da dogon ruwa. 5160 ɗin nan dangin sifirin mota ne, wanda maƙeranmu suka daɗe da sanin darajarsa. In an rubuta 420 ko 440, farin ƙarfe ne marar tsatsa, yana kyau a wuƙar kicin, amma a tsawon takobi yana iya tsinkewa. Maganaɗisu ba ya raba su, duka yana kama su. Ɗiga lemun tsami a wani lungu kusa da makari ka bar shi minti biyar: baƙin ƙarfe zai yi duhu a wurin, farin ba zai canja ba. Ka goge ka shafa mai.

Lambar ƙarfe rabin labari ce, sauran yana wajen yadda aka gasa shi aka tsoma. Goga magagari a hankali a bakin kaifi. In ya zame kamar a kan gilashi, ƙarfen ya yi tauri da yawa, zai iya ɓantarewa. In ya ci shi kamar ƙusa, ya yi laushi. Ana son ya ɗan kama da ƙyar, abin da a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell yake wajen 50.

Sannan lanƙwasawa. Wannan gwaji tsoho ne, tun shekarun 1840 Henry Wilkinson na Landan yake da na'urar da ke tanƙwara takobi da buga shi kafin a sayar. Da aka yi sakaci da irin wannan, an ga sakamako a Sudan: a yaƙin Abu Klea na 1885 takubba da banatin sojan Ingila sun lanƙwashe a hannun masu su, abin ya zama abin kunya a can gida. Kai dai kada ka wuce gona da iri. Sa tabarau, kafa tsinin a kan katako, danna har tsakiyar ruwan ya kauce kamar faɗin yatsu uku, saki, ka juya ɗaya gefen. Ɗaga shi ka hango ta gadon baya kamar mai duba miƙewar gora. In ya koma daidai ya ci. In ya riƙe lanƙwasar, to haka zai yi a sarar farko da ta karkace.

Ƙarshe a nan, riƙe ƙota sako-sako, tsini sama, ka bugi gefen kan ƙotar da tafin hannu. Ruwan zai yi rawa, amma akwai wuri ɗaya, galibi kusan sulusin tsawo daga tsini, da zai tsaya cik. Yi masa alama. Da nan ake sara, don nan ne duka ba ya dawo maka a hannu.

Mataki na huɗu: sara a iska

Kafin a wasa komai, ka ba kowane takobi sara shida a iska: biyu daga sama a karkace ta dama da hagu, biyu daga ƙasa, biyu a kwance. Maimaita sau goma, ka lura da inda gajiya ta fara. Gajiyar kafaɗa ba komai, ciwon wuyan hannu shi ne ƙorafi. Saurari kukan iska ma, in kaifi ya miƙe da hanyar sara zai yi fito siriri, in ya karkace sai ka ji fuu kamar mafici. In da aboki, ya rufe maka ido ya miƙo maka su ɗaya bayan ɗaya a tsaye, ka faɗi wanda ya fi sauƙi. Sau da yawa wanda ka zaɓa shi ne ya fi nauyi a sikeli.

Mataki na biyar: washi da sara

Kwafi da yawa ba kaifi suke zuwa, kuma wannan ba aibi ba ne, na soja ma sai za a fita yaƙi ake wasa su. Amma in za ka kwatanta biyu, dole mutum ɗaya ya wasa su, da dutse ɗaya, a kusurwa iri ɗaya, in ba haka ba masu washi kake gwadawa ba takubba ba. A guji injin washi na lantarki. Da zarar bakin ya yi shuɗi, zafi ya kashe taurinsa. Rabin gaba na ruwan kawai ke bukatar kaifi.

Wurin gwaji ya zama fili, ba kowa cikin taku goma ta kowane gefe, yara a cikin gida, ƙofa a rufe. Sa takalmi rufaffe da wando mai kauri, ka ɗaura igiyar fata daga makari zuwa wuyan hannu yadda sojan doki ke yi, bandeji kuma ya kasance kusa. Ƙafar da ke gaba kada ta kasance a hanyar da sarar za ta sauka. Abin sara a kafa shi kan turken katako mai tsayin ƙugu, ba turmi ba kamar yadda na yi, kuma ba ƙusa a jikinsa.

Fara da gorar roba cike da ruwa. Ita ba ta gwada ƙarfi, daidaiton kaifi take tonawa: sara mai kyau takan bar gindin gorar a zaune da ruwa a ciki. Daga nan sai damin karan dawa ɗanye ko jikin ayaba. Babban gwaji shi ne tabarma. Japanawa suna naɗe tabarmar tatami su jiƙa ta, mu kuma tabarmar kaba tana yin aikin, a naɗe ta tam, a ɗaure wuri huɗu, ta kwana a ruwa, a tsane ta. Kabewa da kankana suna da daɗin kallo a bidiyo amma ba sa nuna komai, ko murfin tukunya zai raba su, ga kuma ɓarnar abinci.

Kowane takobi sara goma a kan abu iri ɗaya, kana musanya su bayan kowace biyu don kada gajiya ta faɗa kan guda. Rubuta nawa suka ratsa, nawa suka tsaya a ciki, sannan ka dubi fuskar yankan: sumul take ko ta lanƙwasa kamar cokali. Bayan kowane zagaye goge ruwan, bi bakin kaifi da farce a hankali ka ji ko ya naɗe ko ya ɓantare, ka sake hango miƙewarsa, ka girgiza makari. Sarar bulo, rodi, ko haɗa kaifi da kaifi da wani takobin ba gwaji ba ne, na asali ma lalacewa zai yi.

A kan doki kuwa kada ka hau da mai kaifi sai ka daɗe da marar kaifi. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka dami Le Marchant shi ne yadda sojojin Ingila ke jikkata dawakinsu da hannunsu.

In makaman ba iri ɗaya ba ne

Kowanne a gwada shi a kan aikin da aka yi shi dominsa. Na 1908 da na 1913 in ka sa su sarar tabarma za su sha kaye a banza. Nasu gwajin suka ne: tara kwali goma ka matse, ka soka, ka ƙirga nawa ya ratsa, ka lura ko ruwan ya tanƙware a hanya. Talwar, takobin Indiya, ƙotarsa matsattsiya ce da faifai a kai, tana hana wuyan hannu lanƙwasa don a ja sarar kamar yanka, saboda haka kwafin da aka faɗaɗa wa ƙota don manyan hannaye ya riga ya bar asali.

Takobinmu ma yana shiga wannan awo. Na Hausa da Abzinawa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, bakinsa a zagaye, sau da yawa da layuka uku a fafe a tsakiya, kuma da yawa daga tsofaffin ruwansu daga Turai suka ƙetaro hamada, musamman daga Solingen ta Jamus, haka ma kaskara, takobin Sudan. Tsoho na gado siriri ne, yana lanƙwasa ya dawo, bai da nauyin da ake zato. Wanda ake yi yau don hawan sallah kuwa galibi ado ne manufarsa, aikin yana wajen kube da hamila, kuma ba laifi ba ne tunda ba sara aka yi shi dominta ba. In kana da na gado a gida, auna shi da ma'auni ka rubuta, amma kada ka lanƙwasa shi ko ka sara da shi. In ya karye ba inda za ka samo wani.

Mashi a duba inda kai ya shiga gora da miƙewar gorar. Sulke kuwa a nan ake yawan yaudarar masu kallo. Na yaƙi zobbansa a ƙusance suke ko a rufe ruf, na kwafi mai araha kuwa baki da baki kawai aka haɗa, da hannu ma kana iya buɗe su. Duk bidiyon da ka ga takobi ya keta sulke, ka tambaya wane iri ne, kuma ko an sa masa rigar auduga mai kauri a ƙasa.

Kube ma a gwada shi. Kifa takobin, bai kamata ya zubo da kansa ba, bai kuma kamata sai da kokawa zai fito ba. Kuben ƙarfe na sojan Turai yana dakushe kaifi duk shiga da fita, shi ya sa mahaya a Indiya suka fi son na katako, har sukan ɗauki tsofaffin ruwan 1796 su sa musu ƙotar talwar. In naka na ƙarfe ne, zare shi kana jingina gadon baya da bangon kuben, ba kaifi ba.

Da ka gama, wanke ruwan kaba da na kara nan take, don kafin magariba za su bar tabo. Busar da shi, shafa man keke siriri da tsumma, kada ka sake taɓa ƙarfen da yatsa. Da damina kada ya kwana a kuben fata, fata tana riƙe laima, a ajiye su dabam a riƙa dubawa duk mako biyu. Da hunturu kuma fatar ƙota ce ke bushewa ta tsage, ɗan man kaɗanya a yatsa ya ishe ta.